Tambayoyinku: Idan na'ura ta yi kuskure a kamfani, wa za a kama?

Filin wannan fitowar na masu kasuwanci ne da ma'aikatan ofis da suka fara aiki da ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Mun haɗa wasiƙun da suka yi kama da juna wuri ɗaya, muka miƙa su ga masana kare bayanai da binciken manhajoji da ke taya mu amsawa. Kamar kullum, ba ma sa sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kamfaninmu ƙarami ne, ma'aikata ba su wuce arba'in ba. Ana ta cewa a tsara yadda za a riƙa amfani da AI, mu kuwa ba mu da lauya na dindindin, ba mu da babban sashen kwamfuta. Ta ina ake farawa? Daga wani manajan kamfanin rarraba kaya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da rubuta doguwar takardar ƙa'idoji, yawancin irinsu a aljihun tebur suke ƙarewa. Fara da ƙidaya.

Buɗe jadawali guda, ko da a Excel ne, ka bi sashe-sashe kana tambaya: wace manhaja ce ke rubuta maka abu, ko fassara, ko hasashe, ko tace mutane? Kada ka tsaya kan sunan AI, domin da yawa ba su san manhajar lissafi ko ta imel ɗinsu tana ɗauke da ita ba. Masu sayar da manhajoji sukan cusa ta ne a lokacin sabuntawa, ba wanda ya lura. Ka kuma yi alkawari tun farko cewa wanda ya faɗi gaskiya ba za a hukunta shi ba, in ba haka ba za su ɓoye maka abin da suke yi a wayoyinsu.

Kowace manhaja ta samu layinta, a rubuta abu shida: sunanta da kamfanin da ya yi ta, aikin da ake yi da ita, irin bayanan da ake zuba mata, mutanen da sakamakonta ke shafa, ma'aikacin da alhakinta ke wuyansa, da yadda za a ci gaba da aiki in aka kashe ta gobe da safe. Biyun ƙarshe sun fi sauran nauyi. Alhaki da sunan mutum ake rubuta shi, ba da sunan sashe ba, domin sashe ba ya ɗaga waya da tsakar dare. Wanda aka rubuta sunansa kuma a ba shi ikon dakatar da manhajar nan take, ba sai ya jira zaman shugabanni ba. In aka ɗora masa alhaki aka hana shi wannan iko, an dai tanadi wanda za a zarga ne kawai.

Daga nan sai a raba manhajojin gida uku da tambaya ɗaya: in ta yi kuskure, wa zai cutu, kuma ana iya gyara ɓarnar? Gida na farko shi ne na aikin cikin ofis, kamar gyaran rubutu da taƙaita bayanin taro. Wannan horo na 'yan sa'o'i ya ishe shi. Na biyu shi ne abin da ke isa ga abokan ciniki ko ke taɓa kuɗi, kamar amsa saƙonni, talla, sa farashi da hasashen kayan da za a saro. Wannan sai an gwada shi kafin a fara, sannan kowane mako a tsinci wasu daga sakamakonsa a duba. Na uku shi ne duk abin da ke yanke hukunci kan mutum: ɗaukar aiki, kora, rance, inshora, lafiya, gane fuska. Wannan ba a fara shi sai da sa hannun shugaban kamfani, da gwajin nuna bambanci, da hanyar da wanda abin ya shafa zai kai kuka. A sake duba jadawalin duk wata uku.

In kana son jagora, hukumar NIST mai tsara ma'aunan fasaha a Amurka ta fitar da tsarin kula da haɗarin AI a watan Janairun 2023, kyauta ne a intanet, kuma ya tsaya kan abu huɗu: jagoranci, gano inda haɗari yake, aunawa, da shawo kansa. Akwai kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa na tafiyar da AI a kamfani, ISO/IEC 42001, da ya fito a Disambar 2023, wanda ake ba da takardar shaida a kansa. A ganinmu kamfani mai girman naku bai buƙaci kashe kuɗi kan wannan shaida ba, sai dai in wani babban abokin hulɗa ya gindaya ta a matsayin sharaɗi.

TAMBAYA: Na gano wasu ma'aikatana suna kwafar takardun abokan ciniki suna liƙawa a manhajar hira ta AI mai suna ChatGPT don ta taƙaita musu. In hana gaba ɗaya? Daga wata shugabar ofishin akantoci.

AMSA: Hajiya, kina da gaskiyar damuwa. A 2023 wasu injiniyoyin Samsung sun zuba sirrin manhajar kamfaninsu a ChatGPT suna neman ta gano musu kuskure, a watan Mayu na shekarar kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Sai dai hani kaɗai ba ya kashe ɗabi'ar, korar ta yake yi zuwa wayoyin ma'aikata, inda idonki ba ya kaiwa.

Abin da ya fi shi ne ki buɗe musu ƙofa ɗaya da kika yarda da ita. Ki sayi asusun kamfani, ba na kyauta ba, ki karanta yarjejeniyar ki nemi amsar abu uku: ana horar da manhajar da bayananku ko ba a yi, kwana nawa ake ajiye su, kuma kina iya rufe asusun ma'aikaci ranar da ya bar aiki? A asusun kyauta sau da yawa ana amfani da hirar wajen horarwa, sai in mai asusun ya shiga ya kashe da kansa.

Sannan ki rubuta a shafi ɗaya abin da ba a zubawa ko kaɗan: sunaye da lambobin waya, lambar asusun banki, lambar katin shaida, bayanin lafiya, kalmar sirri, da duk takardar da aka sa hannu cewa ba za a bayyana ta ba. Goge suna kaɗai bai isa ba. In takarda ta ce manajan reshe kaza da ya ajiye aiki watan jiya, ai an faɗi sunan.

Akwai haɗari na biyu da ya shafi sana'arku kai tsaye. Waɗannan manhajoji hasashen kalmar da za ta biyo baya suke yi, don haka sukan ƙago abin da babu shi, su faɗe shi ba tare da wani ɗari-ɗari ba. A watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a shida da ChatGPT ta ƙago musu. Ki sa doka: duk adadi, kwanan wata ko sashen doka da ya fito daga manhaja sai an duba shi a asalin takarda. Wanda ya sa hannu shi ke da aikin, daidai ko kuskure.

TAMBAYA: Masu son sayar mana da manhajar tace masu neman aiki sun ce tasu ba ta nuna bambanci, domin ba ta ganin jinsi ko shekaru. In yarda? Daga wata jami'ar kula da ma'aikata.

AMSA: Malama, kada ki yarda da maganar baki. Manhaja ba ta buƙatar a faɗa mata jinsi ko shekaru, tana gano su ta bayan fage. Shekarar gama makaranta tana nuna shekarun haihuwa. Giɓin shekara biyu a tarihin aiki yakan nuna haihuwa da raino. Adireshi da sunan makaranta sukan nuna ƙabila ko ƙarfin aljihun iyaye. Dalili shi ne da tarihin waɗanda aka ɗauka a baya ake horar da ita, duk son ran da ke cikin wannan tarihi kuwa za ta koye shi a matsayin cancanta. Haka ta faru da Amazon: an horar da manhajarsu da takardun neman aiki na shekara goma, yawancinsu na maza, sai ta koma rage maki ga takardun da ke nuna mace ce. Kamfanin ya watsar da ita, labarin ya fito fili a 2018. Wani lokacin ma da gangan ake saitawa. A 2023 kamfanin koyarwa na iTutorGroup ya biya dala 365,000 a Amurka bayan an zarge shi da cewa manhajarsa tana watsar da mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama.

Kafin ki biya ko sisi, ki yi gwaji biyu. Na farko, ɗauki takardar neman aiki ɗaya ki yi kwafinta biyu, ki canza abu ɗaya tak, misali suna daga na namiji zuwa na mace, ko shekarar gama karatu. Ki maimaita da takardu ashirin ko talatin. In maki yana motsawa ɓangare ɗaya, kin samu amsarki.

Na biyu, zuba mata tsofaffin takardu ɗari biyu ko uku, bayan kin tabbatar kina da izinin amfani da su, ki lissafa kason da ya tsallake daga kowane rukuni. A Amurka a 1978 hukumomi suka kafa ma'aunin huɗu cikin biyar. Ga misali: maza 100 sun nema, 50 sun tsallake, kashi 50 ke nan. Mata 60 sun nema, 18 sun tsallake, kashi 30 ke nan. Raba 30 da 50, ya ba da 0.6. Duk abin da ya gaza 0.8, wato huɗu cikin biyar, alama ce ta matsala. Alama ce dai, ba hukunci ba, kuma haye 0.8 ɗin ba ya wanke manhaja. In rukuni bai kai mutum talatin ba, kada ki dogara da lissafin, mutum biyu kaɗai na iya juya shi. Birnin New York ya mai da irin wannan bincike dole: tun Yulin 2023 ba a amfani da manhajar tace masu neman aiki a can sai wani mai zaman kansa ya bincike ta cikin shekarar da ta gabata, an kuma wallafa sakamakon.

Inda aka fi sakaci shi ne waɗanda aka watsar. In manhaja ta tsallakar da wanda bai cancanta ba, za ku gane a wajen ganawa. In ta watsar da gwani, ba wanda zai taɓa sani, ya tafi ke nan. Don haka a cikin kowane goma da ta ƙi, mutum ya zaro ɗaya ya karanta da idonsa.

A kwantiragin kuma ki nemi a rubuta cewa za su sanar da ku kafin su canza manhajar, kuna da damar gwada ta duk lokacin da kuka so, za su ajiye tarihin kowane hukunci da ta yanke, kuma za su goge bayanan masu nema in yarjejeniya ta ƙare. In suka ce sirrin kasuwanci ne, ki ce ba cikin manhajar kike son gani ba, abin da take fitarwa kike son aunawa. Wanda ya ƙi wannan, ki nemi wani.

TAMBAYA: Mun sa manhajar hira a shafinmu tana amsa wa abokan ciniki. In ta faɗi abin da ba haka ba, laifinmu ne ko na kamfanin da ya ƙera ta? Daga wani mai kamfanin tafiye-tafiye.

AMSA: Alhaji, a wurin abokin ciniki naku ne, a shafinku ya karanta. Kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia a Kanada ta yi hukunci kan haka a Fabrairun 2024. Manhajar hirar Air Canada ta gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa ya sayi tikiti da cikakken kuɗi, daga baya ya nemi rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza cikin kwana 90. Ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da neman rangwamen bayan tafiya ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta, kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta sa ya biya. Kuɗin bai kai dalar Kanada dubu ɗaya ba, abin kunyar ya fi kuɗin yawa.

Tsakaninku da mai ƙera ta kuwa, abin da kwantiragi ya ce shi ne, kuma yawancinsu sun riga sun cire wuyansu a ƙananan rubutun ƙasa.

Ka taƙaita mata abin da za ta yi magana a kai. Ta riƙa amsawa daga takardun kamfani da aka tantance kaɗai, a naɗa wanda zai sabunta su duk ranar da farashi ko ƙa'ida ta canza, domin tsohuwar takarda da aka manta a ciki ita ce ta fi jawo amsar banza. Maganar mayar da kuɗi, rangwame, biza da ƙorafi ta miƙa wa ma'aikaci. Kafin a sake ta, a tara tambayoyi ɗari daga waɗanda aka saba yi muku, a rubuta amsar da ta dace da kowace, a gwada ta da su, a maimaita duk lokacin da aka taɓa ta. A cikin gwajin a sa wani ya yi ƙoƙarin yaudararta, ya ce mata ta manta da umarnin da aka ba ta, ta sayar masa da tikiti a rabin kuɗi. Kuma ta faɗa wa mutum tun farko cewa na'ura ce.

TAMBAYA: Muna ba da ƙananan rance. Manhaja ce ke ba da maki, amma jami'i ne ke danna amincewa ko ƙi. Tunda mutum na dubawa, ba shi ke nan ba? Daga wani shugaban sashen rance.

AMSA: Malam, ya danganta da ko dubawa yake yi ko danna maɓalli. Lissafa ka gani. In jami'i ɗaya yana da fayil 300 a yini na sa'a takwas, kowane fayil daƙiƙa 96 yake samu, ko da bai tashi daga kujera ba. A wannan lokaci ba abin da zai iya sai bin abin da allo ya nuna masa. Ka duba kuma sau nawa ya saɓa wa manhajar a wata. In kusan babu, to ko dai manhajar ba ta kuskure, wanda ba mai yiwuwa ba ne, ko kuma ya daina dubawa.

Ba lalaci ne ke jawo haka ba. In jami'i ya bi manhaja rancen ya lalace, sai a ce laifin na'ura ne. In ya saɓa mata ya lalace, shi za a kira ofis. Kowa ya san wanda zai zaɓa. Gyaran yana hannun shugabanni: saɓawa da aka rubuta dalilinta kada ta zama abin tuhuma. A nuna wa jami'i dalilan da suka kawo makin, ba lambar kaɗai ba. A wasu fayilolin a ɓoye makin har sai ya rubuta nasa ra'ayin, sannan a kwatanta. Lokaci-lokaci a saka fayil na gwaji mai kuskure a fili, a ga ko zai kama.

Wanda aka hana rance a faɗa masa dalili da harshen da zai gane, in ya ɗaukaka ƙara wani jami'i daban ya duba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a 2018, ta ba mutum 'yancin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi irin wannan, kuma dannawar da ba nazari a cikinta ba ta zama sa hannun mutum. Ƙasashe da dama sun yi tasu dokar a kan wannan turba, don haka ka duba ta ƙasar da kuke aiki.

Abu na ƙarshe, manhaja tana tsufa. An horar da ita da halin da kasuwa ke ciki jiya, in tsadar rayuwa ko aikin yi ya canza sai hasashenta ya fara kaucewa a hankali, ba ƙararrawar da za ta buga. Kamfanin Zillow na Amurka ya dogara da hasashen farashi wajen sayen gidaje, ya riƙa saye da tsada, a Nuwambar 2021 ya rufe wannan sashe ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Kowane wata ka kwatanta yawan waɗanda manhaja ta ce ba za su biya ba da waɗanda suka kasa biya a zahiri. Ka rubuta tun yanzu girman tazarar da in aka kai ta za a dakatar, kada a bari sai ranar a fara gardama.

TAMBAYA: Dokar AI ta Turai ta shafi kamfanin da ba a Turai yake ba? Daga wata mai kamfanin manhajoji.

AMSA: Tana iya shafarsa, 'yar'uwa, in kuna sayar da manhajar a can, ko ana amfani da sakamakonta a can. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, sassanta na shigowa daki-daki. Tun 2 ga Fabrairun 2025 aka haramta wasu abubuwa, ciki har da karantar yanayin zuciyar ma'aikata ko ɗalibai ta na'ura, sai don lafiya ko tsaro, da kwashe hotunan fuskokin mutane daga intanet barkatai don gina rumbun gane fuska. Tarar karya wannan tana kaiwa Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duniya. Ɗaukar aiki, makin rance da inshorar rai da lafiya suna cikin rukunin masu babban haɗari. Ko da dokar ba ta kama ku kai tsaye ba, abokan hulɗarku na can za su turo muku sharuɗɗanta cikin kwantiragi.

TAMBAYA: In abin ya riga ya faru, manhaja ta yi ɓarna ko bayanai sun fita, me ake fara yi? Daga wani jami'in tsaron bayanai.

AMSA: Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam, don haka a rubuta matakan tun yau a shafi ɗaya, da lambobin wayar waɗanda za a kira. Da farko a dakatar da manhajar a koma tsohuwar hanyar aiki. Kada a goge komai, kada a gyara saiti, sai an kwafi tarihin abin da aka tambaye ta da abin da ta amsa, da sigar da ke aiki a lokacin. Sannan a binciko tun yaushe kuskuren ya fara, domin wanda ya kawo ƙorafi da wuya ya zama shi kaɗai abin ya shafa. A nemo sauran, a gyara musu ba sai sun nema ba. In bayanan mutane ne suka fita, dokar kare bayanai ta Turai ta ba da sa'a 72 daga lokacin da aka sani a sanar da hukuma, dokokin wasu ƙasashe ma sun ɗauki wannan wa'adi. Kafin a sake kunna manhajar, a saka matsalar da ta faru cikin tambayoyin gwaji, ta ci gwajin, wanda alhakinta ke wuyansa ya sa hannu da kwanan wata.